Hirar Majalisa da Makomar Na'ura: Tarihin Tashi da Faɗuwar BlackBerry

Gabatarwa

Masana tarihi sun saba neman hujjojinsu a wurare uku, watau takardun hukuma, da rubuce-rubucen malamai, da kuma bakin dattawa. Akwai wuri na huɗu wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne hirar yau da kullum da jama'a ke yi a majalisa, ko a teburin mai shayi, ko a ofis kafin shugaba ya iso, inda wani zai ɗaga wayarsa ya ce tana riƙe caji, wani kuma ya ce tasa ta cika cin kuɗi. Irin wannan magana ba ta da marubuci, ba ta da kwanan wata, kuma mai yin ta ma bai ɗauke ta a bakin kome ba. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa wannan hira tana da ƙarfin ɗaukaka kamfani ko ta kayar da shi. Za a yi haka ta hanyar bin tarihin waya guda ɗaya, watau BlackBerry, tun daga fitowarta a 1999 har zuwa rufe ayyukanta a 2022.

Asalin Na'urar

An kafa kamfanin Research In Motion a garin Waterloo na ƙasar Kanada a shekarar 1984. Mike Lazaridis da Douglas Fregin ne suka kafa shi, sa'an nan Jim Balsillie ya shigo a 1992 ya kama ragamar ciniki. BlackBerry ta farko da suka fitar a 1999 ba a kiran waya da ita. Aikinta shi ne ta kawo wa mutum wasiƙarsa ta imel a duk inda yake, ya kuma mayar da amsa da 'yan maɓallan haruffa da ke jikinta. Daga baya ne aka haɗa mata magana.

Waɗanda suka fara saye su ne bankuna, da ofisoshin lauyoyi, da hukumomin gwamnati a Amurka da Turai, domin saƙon yana bi ta na'urorin kamfanin a kulle, ba mai iya karanta shi a hanya. Abin lura a nan shi ne, a wannan mataki mai amfani da wayar ba shi ne mai zaɓen ta ba. Ofis ne ke saye ya raba wa ma'aikata, saboda haka kunnen kamfanin ya saba da sauraron manyan masu saye. Duk da haka, bakin ma'aikatan ya yi nasa aiki, har suka laƙaba mata suna CrackBerry, suna kwatanta ta da ƙwayar da ke kama mutum ya kasa bari. Lokacin da Barack Obama ya hau mulkin Amurka a 2009, nacewar da ya yi a bar masa tasa ta zama labari a duniya. A wannan shekara kusan kashi 20 cikin ɗari na manyan wayoyin da aka sayar a duniya na wannan kamfani ne.

Yadda Ta Faɗa Hannun Jama'a

A shekarar 2005 kamfanin ya sanya wa wayar manhajar hira mai suna BBM. Kowace waya tana da lambarta mai harafi takwas da ake kira PIN, kuma duk wanda ya sami lambar wani yana iya aika masa saƙo ba tare da biyan kuɗin kowane saƙo ba. Bugu da ƙari, mai aikawa yana ganin alamar da ke nuna saƙo ya isa, da wadda ke nuna an karanta. Wannan ne ya jawo matasa, waɗanda ba domin su aka ƙera wayar ba tun farko.

Ƙarfin wannan manhaja ya kai har gwamnatoci suka tsargu. A 2010 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Indiya sun yi barazanar hana ayyukan BlackBerry muddin ba a ba jami'an tsaronsu damar ganin saƙonni ba. A watan Agusta na 2011 kuma aka zargi BBM da taimaka wa masu tarzoma a birnin Landan wajen sanar da juna inda za a haɗu.

Nijeriya tana cikin ƙasashen da wayar ta fi samun karɓuwa, kuma akwai dalili. Kafin 2001 layukan waya masu aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairu na wannan shekara aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Tun daga lokacin jama'a suka fara auna waya da ma'auninsu. Alal misali, ƙaramar waya mai tocila, irin Nokia 1100 da ta fito a 2003, Hausawa sun yi mata laƙabi da rakani-kashi. Sunan raha ne, amma yana ɗauke da hukunci, domin ya nuna abin da mutum ke bukata a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Da BlackBerry ta shigo, sai kamfanonin layi suka yanka mata kuɗin wata mai rahusa, wanda ya sa shiga intanet da ita ya fi sauƙi. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata suka dinga sayen ta hannu, neman PIN ya zama hanyar neman zumunci, har aka yi fim a Kudu mai suna BlackBerry Babes a 2011. A zanga-zangar janye tallafin man fetur ta Janairun 2012, BBM na cikin hanyoyin da labari ya dinga yaɗuwa.

Juyawar Magana

Tun kafin wayar ta kai wannan matsayi, abin da zai kayar da ita ya riga ya fito. A watan Janairu na 2007 Steve Jobs ya gabatar da iPhone, waya mai allo zalla wadda ake sarrafawa da yatsa. Manyan masu sana'ar sun raina ta. Steve Ballmer, shugaban Microsoft na lokacin, ya yi mata dariya, ya ce ta yi tsada, kuma 'yan kasuwa ba za su so ta ba tun da ba ta da maɓallan rubutu. A 2008 wayar farko mai tsarin Android na kamfanin Google ta biyo baya. Martanin da Research In Motion ya mayar, watau wayar Storm ta 2008, ya zo da matsaloli har masu saye da yawa suka mayar da ita kanti.

Injiniyoyin Waterloo suna da hujjojinsu: wayarsu ta fi tsaro, kuma ta fi tattalin layi. Amma hirar jama'a ta koma kan wasu abubuwa dabam. Ana cewa allonta ƙarami ne, hotonta bai fita, ba ta da wasanni da manhajoji kamar sauran, kuma idan ta ƙame sai an cire batir an mayar kafin ta farfaɗo. A watan Oktoba na 2011 na'urorin kamfanin suka tsaya na kusan kwana uku, saƙonni suka yanke a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙadangaren kuwa ya riga ya iso. A 2009 Jan Koum da Brian Acton sun kafa WhatsApp, wadda ke yin aikin BBM amma da bambanci biyu. Na farko, lambar wayar mutum ita ce shaidarsa, ba sai ya nemi PIN ba. Na biyu, a wancan zamani tana aiki a kan Nokia da Android da iPhone, har da BlackBerry kanta. A 2013 ta ƙara saƙon murya, wanda ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi karatun boko ba, kuma wannan muhimmin abu ne a ƙasar Hausa. A daidai wannan lokaci wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu araha, masu ɗaukar sim biyu, suka cika kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja. Sim biyu amsa ce ga wani ƙorafi da ake yi kullum, cewa layi ɗaya bai isa ba, domin wannan yana kamawa a nan, wancan sai a can.

Masu amfani da BlackBerry sun kai wajen miliyan 80 a 2012, daga nan sai gangara. A Janairun 2013 kamfanin ya fitar da sabon tsari mai suna BlackBerry 10, ya kuma sauya sunansa zuwa BlackBerry. A watan Oktoba na wannan shekara ya saki BBM ga Android da iPhone, amma abin ya zama ihu bayan hari. Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19, kuma a Fabrairun 2016 masu amfani da ita suka kai biliyan 1. A wannan shekara ta 2016 BlackBerry ya daina ƙera waya da kansa. An rufe BBM ta jama'a ranar 31 ga Mayu, 2019, sa'an nan aka kashe ayyukan tsofaffin wayoyin ranar 4 ga Janairu, 2022.

Dalilin Ƙarfin Hira

To, me ya ba maganar fatar baki irin wannan ƙarfi? Dalilin yana cikin yanayin na'urar sadarwa kanta. Mutum na iya sayen keke ko agogo ya more shi ko da shi kaɗai ne mai irinsa a gari, amma manhajar hira ba ta da amfani sai in 'yan'uwa da abokai suna cikinta. Saboda haka duk lokacin da wani ya ce wa abokinsa ya dawo inda ake, ya ƙara wa wata manhaja daraja, ya rage wa wata. Idan irin wannan magana ta taru daga bakin miliyoyi, sai ta zama hukunci. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

Wannan ba ya nufin hukuncin jama'a daidai yake a kullum. A Janairun 2021, da WhatsApp ta sanar da sauyin ƙa'idojinta game da bayanan mutane, miliyoyi sun sauke Signal da Telegram cikin fushi, amma akasarinsu ba su bar WhatsApp ba, domin can danginsu suke. Watau taron da ya ba jama'a ƙarfin kayar da kamfani, shi ne kuma yake ɗaure su ga wanda suka ɗaukaka.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ma'aikacin gwamnati zai ga cewa duk na'ura ko manhajar da hukuma za ta kashe dukiyar jama'a a kanta, wajibi ne a tambayi masinja da akawu da manomi yadda suka same ta, kafin a dogara da bayanin ɗan kwangila. Haka kuma ya kamata ya tuna cewa umurnin ofis da aka bayar ta manhajar wani kamfani na ƙetare, ba tare da an shigar da shi fayil ba, yana iya ɓacewa ranar da kamfanin ya rufe. Ɗalibi kuwa yana da aiki a gabansa. Wasiƙun da masu karatu suka aika wa Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939 suna nan a ɗakunan ajiya, ana iya karanta su, amma mafi yawan hirar da matasan Kano da Zariya suka yi ta BBM a 2012 ta tafi tare da wayoyinsu. Laƙubban da aka yi wa wayoyi, da ƙorafe-ƙorafen da aka yi a kansu, suna nan a bakin masu gyara da masu sayarwa a kasuwa, kuma ya kamata a tattara su a rubuta tun masu su suna tunawa.