Kogin Wye: Hanyar yawon kwale-kwale ta iyalai a Birtaniya

Kogin Wye, mai tsawon kimanin kilomita 250, yana tasowa ne daga tsaunin Plynlimon da ke Wales, ya ratsa gonakin Herefordshire a Ingila, sannan ya haɗu da bakin kogin Severn kusa da Chepstow.

Daga garin Hay-on-Wye zuwa gangare, doka ta ba kowa damar tuƙa kwale-kwale ba tare da lasisi ba. Da yake ruwan na tafiya a hankali lokacin zafi, iyalai kan shafe kwanaki suna bi ta Hereford da Ross-on-Wye zuwa Monmouth, tsakanin gonakin tuffa da makiyayar shanu, suna yada zango a tantuna. Galibin gaɓar na da masu ita, don haka sauka sai da izini.

Wajibi ne yara su sanya rigar ceto, musamman a Symonds Yat inda ruwan ke da ƙarfi. Bayan gadar Bigsweir kuwa, cikar teku da janyewarsa na da haɗari ga sabon shiga.

A 2023, hukumar Natural England ta bayyana cewa lafiyar kogin na taɓarɓarewa. Ana danganta hakan da sinadarin fosfet daga kashin kajin gonaki da ruwan masai, wanda ke haddasa yaɗuwar gansakuka.