Birkin sanda: daga motocin Citroën na 1924 zuwa garejin Zariya

Jama'ar Maraɗi, Tibiri da Jiratawa! Jiya na tsaya wani gareji nan Zariya, na iske wani dattijon bakanike kwance ƙarƙashin tsohuwar Peugeot 404 yana fama da wayar birkin hannu da tsatsa ta cinye. Shi ya tuno mini tarihin ga.

A ranar 28 ga Oktoba 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën suka taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Gabansu taya, bayansu sarƙar roba irin ta tankar yaƙi. Sun ratsa Sahara, suka biyo ta Yamai, Maraɗi, Tasawa har Damagaram kafin ƙarshen shekarar. Zamanin Sarki Musa ne, kuma garin yana can ƙasa bakin Gulbi, tun ambaliyar 1945 ba ta sa an hauro tudu ba. Zariya kuwa ko labarinta babu.

Motocin nan ba su da man birki ko ɗigo. Direba ya taka, sandar ƙarfe ta ja wani ɗan hannu, shi kuma ya buɗe takalman birki su matse ganga daga ciki. Ƙarfin ƙafarka shi ne birkinka, ba wani abu. Louis Renault ne ya fito da birkin ganga a 1902. Na mai ya zo daga baya: Duesenberg a 1921, Chrysler a 1924, Citroën sai 1934, Ford kuwa ya yi ta taurin kai har 1939. Ban ga laifinsa sosai ba. Sanda in ta lanƙwashe a daji maƙeri ya miƙe ta, amma tiyon mai in ya tsage tsakanin Dakwaro da Mayahi, to sai Allah.

Sai dai gyaran birkin sanda yana son haƙuri. A ɗaga motar duka a cire gangunan, a duba ko ciki ya yi zane ko ya bar da'ira. A sake fatar takalmi, wadda dā da ƙusoshin tagulla ake kafe ta. Aikin gaske yana wurin mahaɗai: kowane ƙusa da ya ci rami yana sace ɗan motsi, in sun taru sai ka taka har ƙasa taya na juyawa abinta. Bayan nan a daidaita tsawon sandunan ɗaya bayan ɗaya, ana juya taya da hannu, har hagu da dama su kama lokaci guda. In ɗaya ta riga, motar za ta fizge gefe. Kuma don Allah yaran gareji ku bar hura ƙurar ganga da baki. Tsohuwar fatar birki tana da asbestos, mai lalata huhu. Tsumma jiƙaƙƙe ya isa.

Kada wani ya ce wannan zancen gidan tarihi ne. Birkin baya na yawancin kabu-kabunmu sanda ce, haka na tsofaffin kekuna. Ita kanta 404, da ta fito a 1960 da birkin mai, birkin hannunta waya ce, kuma shi ne abin da zai cece ka ranar da man ya tsiyaye. Amma ku duba motocin da ke ɗaukar mutane da buhuna zuwa kasuwannin ƙauye: nawa ne birkin hannunsu ke aiki? Karen mota ne ke dira da gudu ya cusa dutse bayan taya, a kan gangara, da mata da yara a ciki.

Dattijon na jiya ya ƙi ɗaure wayar da igiyar ƙarfe kamar yadda mai motar ya so. Ya ce a nemo sabuwa, ko daga Katsina ne. Har na baro motar tana bisa jak.