Jerin faifan The Beatles a ma'aunin masu sharhi

The Beatles ƙungiyar mawaƙan rock ce daga birnin Liverpool na Ingila, wadda ta watse a 1970. Har yau masu sharhi ba su daidaita kan faifanta da ya fi ba. A jerin faifai 500 da mujallar Rolling Stone ta fitar a 2003, Sgt. Pepper na 1967 ne ya zo na ɗaya, Revolver na uku. Da aka sake jerin a 2020, Sgt. Pepper ya sauko na 24, Abbey Road ya hau na biyar, kuma ya cancanta, duk da cewa wasu sun kushe shi lokacin fitowarsa a 1969. Yellow Submarine kuwa yawanci a ƙarshe ake ajiye shi cikin faifan ƙungiyar, domin rabinsa kiɗan fim ne na furodusansu George Martin.