Daga Zangon Dindir Zuwa Falon Jirgin Sama: Tarihin Hanyar Gabas

Gabatarwa

Maniyyacin da ya yanki tikitin sashen alfarma daga Kano zuwa Jidda ba ya sanin wahalar hanya. A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana jira ne a falo mai sanyi, da shayi da abin taɓawa a gabansa. Idan ya shiga jirgi sai a miƙo masa tawul mai ɗumi, a tambaye shi abincin da ransa yake so, ya kishingiɗa a kujera mai faɗi. Cikin kimanin awa biyar ya sauka. Kafin yaƙi ya rufe sararin samaniyar Sudan a 2023, irin wannan jirgi yakan ratsa ta saman ƙasar, inda akwai ƙauyukan Hausawa a Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu da kogin Dindir. Kakannin mutanen waɗannan ƙauyuka sun kama wannan tafiya ce da ƙafa, da yawansu kuma ba su ƙarasa ta ba. Tarihin ƙauyukan da na kujerar alfarma tarihin hanya ɗaya ne, wadda Hausawa suke kira hanyar gabas.

Zamanin ayari

Tun kafin zuwan Turawa akwai masu barin ƙasar Hausa su nufi Makka ta Borno da Wadai da Darfur, amma abin da ya mai da hanyar ta jama'a shi ne faɗuwar daular Sakkwato. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas. Wajen 1906 suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau yake amsa sunan Mai Wurno. Garin ya zama babban zango. Wanda ya fito daga Kano ko Katsina ko Damagaram ya san cewa idan ya kai can zai sami mai jin harshensa da masauki.

Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin talaka ba ya fita da guzurin da zai kai shi. Yakan tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu, ko ɗinki, ko wanzanci, ko koyar da allo, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Ko a wancan zamani matafiya ba ɗaya suke ba. Attajiri yana bisa doki ko raƙumi da barori masu kafa masa masauki, talaka kuwa yana biye da jaki, wani ma kayansa a ka. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya yi hajji a 1921, ta jirgin ruwa ya bi, har ya ziyarci Ingila a tafiyar. Tun a lokacin, abin da kuɗi yake saya wa matafiyi shi ne gajarta kwanaki.

Shekarar 1925

Abubuwa biyu sun faru a 1925 da suka raba makomar matafiyan hanyar. A Sudan an kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, wanda yake buƙatar dubban hannuwa lokacin tsinka. Maniyyata daga yamma suka zama ƙashin bayan wannan ƙwadago. Wanda ya tsaya don ya nemi kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda sai ya sami gona, ya yi aure, ya haifu. Da haka ƙauyuka suka yaɗu har gaɓar Dindir da Rahad, inda Hausawa suka shahara da su da noman lambu a bakin ruwa.

A Kano kuma, ranar 1 ga Nuwamba na shekarar, jiragen sojan saman Ingila guda uku suka sauka ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Su ne na farko da suka sauka a birnin. Daga Masar suka taso, suka biyo ta Khartum da Darfur, wato hanyar alhazai ce suka bi ta baya, cikin kwana shida kacal.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Wuraren yada zangonsa su ne Al-Ubayyid da Fashir da Jinaina da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, da Maiduguri. Duk waɗannan sunaye ne da kowane madugu ya haddace. Jiragen ƙanana ne, kujerunsu ba su wuce kimanin goma ba, kuma babu rabon sashe a cikinsu, domin tsadar tikiti ta riga ta tace fasinja: jami'an mulki ne da manyan 'yan kasuwa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka faɗaɗa filayen, saboda ta nan aka riƙa tura dubban jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar. Bayan yaƙi Kano ta zama mashayar manyan kamfanoni irin su BOAC da KLM da Sabena a kan hanyarsu ta zuwa kudancin Afirka.

Yadda kujera ta rabu

A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai. Da manyan motoci suka fara, daga baya suka koma ɗaukar shatar jiragen sama. A daidai wannan lokaci kamfanonin duniya suka fara neman fasinja mai ƙaramin ƙarfi: a 1952 aka fito da kujerar 'yan yawon buɗe ido a kan hanyar Turai da Amurka, a 1958 kuma aka ƙara wata mai rahusa. Sai da talaka ya shigo jirgi sannan aka ja labule tsakaninsa da mai hali. Sashen 'yan kasuwa ya bayyana a ƙarshen shekarun 1970, kuma a 2000 British Airways ya sa masa kujerar da take miƙewa ta zama gado.

A ƙasar Hausa wannan sauyi ya shiga har cikin harshe. Hajjin da ake aunawa da damina ya koma “kujerar Makka”, abin da ake biya ko a ba mutum kyauta. Masu bin kamfanoni masu zaman kansu, a wajen tsarin hukumar alhazai, su ne 'yan “jirgin yawo”, kuma a cikinsu ake samun masu sayen sashen gaba da masauki dab da Harami. Sauri bai kawar da haɗari ba. Ranar 22 ga Janairun 1973 jirgi ƙirar Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Duk da haka jama'a ba su koma ƙasa ba, domin fasfo da biza da tsaron iyakoki sun riga sun ƙuntata tsohuwar hanya.

Abin da jirgi ya tsallake

Da jirgi ya ɗauke matafiya, ƙauyukan Sudan suka rasa abin da yake ciyar da su da sababbin baƙi da labarin gida. Masanin halayyar al'umma C. Bawa Yamba, a littafinsa Permanent Pilgrims na 1995, ya nuna cewa akwai jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan waɗanda har lokacin suke ɗaukar kansu a matsayin masu kan hanyar Makka. Hukuma ma kallon baƙi ta daɗe tana yi musu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi shaidar cewa asalin mutum yana Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar yawancin zuriyar masu hijirar Burmi a waje. Batun asali da mallakar ƙasa shi ne ya sake tashi a rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. A 2024 yaƙin basasa ya iso garin Dindir kansa, mutane suka sake ɗaukar kaya a ka suka nufi Gadarif, kamar yadda kakanninsu suka shigo.

Kammalawa

Hausawa suna cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Hanyar gabas ta gwada wannan magana ta fuska biyu. Jirgi ya cika wa miliyoyi burin da kakanninsu suka mutu ba su cim masa ba, ya kuma mai da alhaji gida cikin makonni, iyalinsa ba su watse ba. Amma ba ya barin kowa a hanya, don haka bai kafa gari ko ɗaya ba. Tafiyar ƙafa ta cinye rayuka da shekaru, ita ce kuma ta shuka harshen Hausa daga tafkin Chadi zuwa Bahar Maliya. Fasinjan falo yana shiga baƙo ya fita baƙo cikin awa biyu. Wanda ya yada zango a Dindir kuwa, jikokinsa suna can har yau, suna neman a yarda cewa nan ne gidansu.