Suna da Asali: Zuri'ar Likita Ephraim McDowell na Kentaki (1771–1830)

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida za mu bi asalin wani likitan ƙauye na ƙasar Amurka, watau Ephraim McDowell, wanda ya yi aiki a garin Danville na jihar Kentaki a farkon ƙarni na 19. Tarihi ya riƙe shi saboda aikin fiɗa da ya yi a shekarar 1809. Abin da ya jawo hankalinmu shi ne yadda suna guda ya isa a bi zuri'a ɗaya ƙasa uku da zamani huɗu, da kuma waɗanda takardun suka bari ba suna.

2. Abin da sunan yake faɗi

Sunan McDowell ya fito daga harshen Gayelik na Sikotlan da Ayalan. Asalinsa Mac Dubhghaill ne. Kalmar mac na nufin "ɗa", dubh na nufin "baƙi", gall kuwa "baƙo". Ma'anarsa ke nan "ɗan baƙin baƙo", laƙabin da aka yi wa wasu mahara na arewacin Turai da suka zo ta teku. An san dangi mai wannan suna a yankin Galloway, kudu maso yammacin Sikotlan. A ƙarni na 17 mutanen wannan yanki da yawa suka ƙetara zuwa Ulster, arewacin Ayalan, daga nan kuma jikokinsu suka wuce Amurka.

Sunan yanka shi ma shaida ne. Ephraim sunan ɗan Annabi Yusufu ne a cikin Attaura, kuma Kiristocin Sikotlan masu bin ɗariƙar Furesbiteriyan sun saba raɗa wa ƴaƴansu irin waɗannan sunaye. Likitan ya ci sunan kakan mahaifinsa ne.

3. Zamani huɗu

Wannan tsoho, Ephraim na farko, shi ya bar Ulster da iyalinsa ya sauka Fensilbaniya. A 1737 suka gangara kudu, suka zauna a kwarin Bajiniya, a ƙasar da daga baya aka kira gundumar Rockbridge. Ɗansa John ya mutu a watan Disamba na 1742 a wani faɗa da mayaƙan Irokwa, ƴan asalin ƙasar. John ya bar ɗa, Samuel, wanda aka haifa a 1735. Samuel ya yi yaƙin neman ƴancin Amurka, ya zama alƙali, ya kuma shugabanci tarurrukan da suka kai Kentaki ga zama jiha a 1792. Shi da matarsa Mary McClung suka haifi likitan ranar 11 ga Nuwamba 1771, kuma yana yaro iyalin suka ƙaura Danville.

Ephraim ya koyi aiki wurin likita Alexander Humphreys a Staunton, ya je Edinbura karatu a 1793, ya komo Danville a 1795 ba tare da takardar digiri ba. A 1802 ya auri Sarah, ɗiyar Isaac Shelby, gwamnan Kentaki na farko. Mun ga ke nan, ko da yake likitan ƙauye ne, ɗan manyan gida ne, surukin manya.

4. Aikin 1809

A watan Disamba na 1809 aka kira shi ya duba Jane Todd Crawford, wadda ake zaton ciki gare ta. Ya gane ƙari ne a ma'ajiyar ƙwanta. Matar ta hau doki ta yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Danville, ranar 25 ga wata ya cire ƙarin mai nauyin kusan kilo 10, ba maganin sa barci, domin ba a soma amfani da shi ba tukuna. Ta rayu har 1842. Ita ma haifaffiyar Rockbridge ce, watau hanyar ƙaura ɗaya ta kawo su duka biyu.

5. Waɗanda ba a rubuta sunansu ba

A rahoton da ya buga a 1817, McDowell ya bayyana ayyuka uku. Ya ambaci Crawford da sunan mijinta. Sauran mata biyun baƙar fata ne, bayi, kuma launinsu kawai ya faɗa. Shi kansa yana da bayi a gidansa. Wannan ba halinsa shi kaɗai ba ne. Ko ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860 ta jera bayi ne ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launi. Sai a 1870, bayan an soke bauta a 1865, aka rubuta dukan baƙaƙen Amurka da sunayensu.

Ya kamata kuma mu lura da masu ba da labarin. Jikarsa Mary Young Ridenbaugh ce ta wallafa tarihin rayuwarsa a 1890, shekara 60 bayan rasuwarsa. Labarin da zuri'ar ke faɗi cewa Ephraim na farko ya yi yaƙi a Derry a 1689 gadon baka ne, ba a auna shi da mudu ɗaya da takardar aure ko ta fili.

6. Kammalawa

Asalin McDowell ya iso gare mu ne domin danginsa sun mallaki ƙasa, sun riƙe muƙami, sun bar suna mai bin ɗa da jika. Matan biyu na rahoton 1817 sun jure wuƙa ɗaya da Crawford, kuma da jikinsu aka tabbatar wa likitoci cewa aikin na yiwuwa. Mai binciken asali zai iya hawa daga likitan har Galloway. Idan ya juya wajen matan nan, rahoton bai ba shi ko sunan da zai fara nema da shi ba.