Yinin Magina a Ƙasar Kabi: Daga Ganuwar Surame zuwa Bulon Badariya

Tsara aikin yini ga taron magina a ƙasar Kabi ya girmi siminti da agogo da takardar zanen gida. Tun can da, abu uku ne ke yanke wa magini abin da zai yi a kowace rana: lokacin shekara, da nisan ruwa, da kuma saurin da abin gini ke yi wajen bushewa. Hannun mutane yana zuwa ne a bayan waɗannan, domin ko mutum ɗari aka tara, bangon ƙasa ba ya ɗaukar sabon layi sai na jiya ya sha iska. Tarihin sana'ar a Birnin Kebbi da Argungu, galibinsa, tarihi ne na yadda waɗannan abubuwa uku suka riƙa sauyawa.

Aiki mafi girma da aka sani a wannan yanki shi ne ganuwar Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Sanwai wajen 1516. Kangon birnin yana cikin Jihar Sakkwato a yau, kuma tun 1964 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Abin da ya bambanta shi da ganuwar Kano ko ta Katsina shi ne an yi amfani da dutse, ana jera shi ana cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, shi ya sa har yanzu sassansa na tsaye bayan an bar garin da shekara fiye da ɗari uku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci Kanta da biranensa a littafinsa Infaƙul Maisuri, amma yadda aka gudanar da aikin, a bakin mutane ya wanzu.

Labarin baka yana cewa Kanta ya yanka ganuwar kashi-kashi, ya ba kowace al'umma da ke ƙarƙashinsa nata. Ana cewa Nufawa sun makara wajen zuwa, sai aka hana su ruwa, aka ce su kwaɓa rabonsu da man kaɗanya. Ana kuma cewa an ɗora wa Azbinawa ɗauko ruwan aikinsu tun daga ƙasarsu. Ko an yi haka ko ƙarin gishiri ne, labarin ya nuna abin da masu ba da shi suka ɗauka shi ne ginshiƙin babban aiki: a auna wa kowace ƙungiya yankinta, a sa mata ranar da za ta hallara, a kuma san cewa ruwa shi ne ya fi kome wuya. Hukuncin makara ma ta hanyar ruwan aka bi da shi.

Duk lokacin da kujerar sarauta ta tashi, aikin magina sabo yake dawowa. A farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya mayar da fada Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, daga baya sarautar Kabawa ta zauna a Argungu, inda aka yi gidan sarki na ƙasa da ake danganta gininsa da Sarki Yakubu Nabame. A irin waɗannan garuruwa Sarkin Magina shi ne idon sarki kan aikin gini. Shi ke kiran magina in za a gyara fada, ko masallacin Juma'a, ko ƙofar gari, shi ke raba su, shi kuma ke sasanta magini da mai gida in an sami saɓani. Gyaran ganuwa kuwa aikin jama'a ne bayan an kawar da amfanin gona: kowace unguwa da kowane ƙauye da nasa tsagi, talakawa na ɗauko ƙasa da ruwa, gwanaye na bisa suna ɗorawa, makaɗa na zuga su. Sana'ar gado ce. A Zazzau, zuriyar Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim (1834–1846), ita ta ci gaba da riƙe shugabancin magina.

Shekarar magini gajeriya ce. Ruwan sama a kwarin Rima yakan sauka ne daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kuma a wannan lokaci maginin kansa manomi ne. Gini na farawa da kaka, in an gama girbi, kududdufai na cike da ruwa, ciyawa ta bushe. Lissafin kuwa daga baya ake faro shi: dole a rufe ɗaki a yaɓe shi kafin ruwan farko, don haka sai a ƙirgo baya a san ranar da za a ja azara, da ranar da bango zai kai, da ranar da za a fara yin tubali. Wanda ya yi jinkiri har bazara ta shigo, kududdufi ya ƙafe, sai ya koma sayen ruwa ko ɗauko shi daga gulbi a bayan jakai.

Zaɓen ƙasa ma sai wanda ya sani. Lakar fadama, wadda ta yalwata a gefen Argungu da Birnin Kebbi, tana da danƙo amma tana tsagewa in ta bushe, ƙasar da yashi ya yi mata yawa kuma ba ta kamawa. Jar ƙasar tudu mai ɗan burji ita aka fi so. Akan haƙo ta, a jiƙa, a zuba mata ramno ko kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana, a sake jiƙawa a sake tattakewa, har kwanaki, sai ta ruɓa ta yi laushi. Da ita ake mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana kamar mako biyu. Ma'anar wannan ita ce ƙasar da magini zai taɓa yau, tun makonnin baya aka fara aikinta. Babban magini na kirki kullum yana da kwaɓi fiye da ɗaya a ƙasa, wani ya nuna, wani na kan hanya, don kada a wayi gari mutane na tsaye ba abin ɗorawa.

Yinin kansa da sallar asuba yake farawa. Masu ɗebo ruwa su ke riga kowa fita, sai masu kwaɓi su juya ƙasar da ta kwana. Kafin hantsi magini ya hau bango ya zauna a kai kamar mai hawan doki, yana ja da baya yayin da layi ke tafiya. Daga ƙasa yaro na jefa masa tubali ɗaya-ɗaya yana cafewa, wani na jefo curin kwaɓi, ba a jin kome sai "Tubali!" da "Ƙasa!" Yana jera su tsinin na kallon sama, ya maka kwaɓi ya cike tsakani, ya shafe da tafin hannu. Ba magwaji, ba igiya sai wajen fitar da tushe, awon kuwa da taki ne da kamu da gaba. Gindin bango na da kauri, yana raguwa yayin da yake hawa, ido ne kawai ke tsare wannan.

Iyakar aikin yini ba gajiya ce ke kawo ta ba. In aka ɗora layuka kaɗan sai a dakata, domin ɗanyen bango in aka yi masa nauyi sai ya tumbatsa ko ya zube. Saboda haka akan buɗe aiki a wuri biyu ko uku: yau ana kan zaure, gobe a koma ɗakin cikin gida, jibi a dawo. Mai gida mai gaggawa yakan ga kamar ana yi masa wasa da aiki, alhali wannan zagayen shi ne gwanintar. Da rana ta take, sai a sauko a sha fura, a yi azahar, abin da ya rage na yini kuma a ba shi ga tanadin gobe: haƙar ƙasa, jiƙa sabon kwaɓi, fasa giginya a fitar da azara.

Rufi shi ne inda ake bambanta gwani da ɗan koyo. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar kamu huɗu, don haka babban soro sai da ginshiƙi ko bakan gizo, wanda ake ɗaure azara daki-daki ana lulluɓe ta da ƙasa, kowane mataki sai ya bushe a ƙara na gaba. Irin wannan ɗauri yakan ci makonni, kuma yawancin kwanakin na jira ne. Bayan rufi sai yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, a kafa indararo. Daɓe aikin mata ne, da ranarsa daban da waƙoƙinsa.

Lada a wancan zamani ba ta tsaya kan yini ba. Talaka yakan kira gayya: 'yan'uwa da maƙwabta su yi masa kwaɓi da tubali, shi kuma ya ciyar da su, ya biya magini ɗaya ko biyu. Mai hali yakan yi jinga da magini kan ɗaki sukutum, a biya da wuri ko hatsi ko riga, abincin rana kuma a wuyan mai gida yake. Manyan gidaje da fada sun dogara ƙwarai da aikin bayi.

Zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20 ya shigo da wani irin lissafi. Bayan rikicin Satiru na 1906 kujerar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi, garin ya zama mazaunin mulki, aka shiga gina ofisoshi da kotu da gidan yari da bariki. Sashen ayyuka na gwamnati da na En'e suka kawo helma mai littafin kiran suna, da awannin aiki, da biya a ƙarshen mako ko wata da kuɗin Turawa, ga kuma aikin tilas da aka riƙa ɗiban talakawa. Nan ne birkila da kafinta da lebura suka zama sana'o'i daban-daban, kowa da farashinsa. A Argungu an gina sabuwar fada, sarki ya bar tsohon gidan a 1942, aka mayar da shi Gidan Tarihi na Kanta a 1958. Siminti ya daɗe yana hannun hukuma da attajirai, sai bayan da masana'antar Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara aiki a 1967 ya matso kusa da mai ƙaramin ƙarfi. Ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta, 1991 ya kawo ma'aikata da 'yan kwangila, gari ya bazu, unguwanni irin su Badariya da Gesse suka cika da gidajen bulo da kwano.

Siminti ya juya tsarin yini ne gaba ɗaya. Ƙasa tana son a jira ta, shi kuwa siminti da zarar ya sha ruwa ba ya jiran kowa: kwaɓin da ya wuce awa guda ko makamancin haka a ƙasa ya fara mutuwa. Don haka shugaban aiki na yau, ko injiniya ne ko babban birkila, da yammacin jiya yake shirya safiyar yau. Yana ƙirga buhunan siminti, ya tabbata tifa ta sauke yashi, ya yi magana da mai tankar ruwa ko 'yan garuwa, ya san bulo nawa mai inci 9 ko inci 6 ke ƙasa, sannan ya faɗi birkila nawa da lebura nawa yake so. In abu ɗaya ya ɓace, sauran sun tashi a banza, kuma kuɗin yini sai an biya.

Ranar zuba kankaren bene ita ce ta fi kama da tsohuwar gayya. Kafinta ya gama katako, mai rodi ya ɗaure, mai wuta ya shimfiɗa bututunsa, duk kafin ranar. Da sassafe ake tara leburori da yawa, a jera su daga inji ko wurin kwaɓi har bisa, kwanon sarki na tafiya daga kai zuwa kai, ba a tsayawa sai an rufe, domin kankaren da aka yanke aka ci gaba washegari yana barin rauni a mahaɗa. Bayan nan jira ya dawo ta wata ƙofa: a yi ta ba shi ruwa safe da yamma, a bar katako a ƙarƙashi wajen mako uku. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da awon zafi ke haura digiri 40, wannan shayarwa ita ce abin da aka fi yi wa ha'inci, kuma ita ke haifar da yawancin tsagewar da ake ɗora wa siminti laifinta.

Hanyar biya ma tana sassaƙa yini. Wanda ake biya kuɗin yini ba ya gaggawa, wanda ake biya kan kowane bulo kuma yakan yi gudu har layi ya karkace, shi ya sa masu gida da yawa suka koma jinga mataki-mataki: tushe, zuwa linta, zuwa rufi, filasta. Sallah har yanzu ita ce agogon wurin aiki, ran Juma'a ana tashi da wuri, da azumi kuma akan fara tun bayan asuba a tashi kafin rana ta yi tsanani. Damina ba ta hana ginin bulo, amma rani ya sami sabuwar kishiya: tun da noman shinkafa na rani ya bunƙasa a fadamun Rima, musamman bayan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, leburori kan yi wuya a lokacin dashe da girbi, farashinsu ya hau. Ayyukan ƙarshe kamar tayil da silin na zamani sau da yawa suna hannun masu sana'a daga Benin da Togo, waɗanda ke zuwa da yaransu su yi jinga kan ɗaki ko kan mita. Ginin tubali kuwa ya koma ƙauyuka da tsofaffin unguwanni, inda maginan ƙasa da suka rage suka fi samun aiki a ƙarshen rani, lokacin da ake yaɓen katanga da gyaran soraye kafin saukar ruwa.