Daga Gudun Makaranta Zuwa Ƙaura Dominta: Waiwaye Daga Hayin Gada

Duk wanda ya tsaya a bakin gadar Jimeta ta ɓangaren Vinikilang da misalin ƙarfe bakwai na safe, zai ga Keke Napep jere da juna, kowanne maƙare da yara cikin kayan makaranta, sun nufi cikin gari. Wanda bai sani ba sai ya zaci babu makaranta ko ɗaya a hayin. Akwai su kuwa. Wannan muƙala za ta ɗan waiwayi yadda aka yi zancen makaranta ya shiga cikin shawarar inda magidanci zai kafa gidansa a Yola da Jimeta.

Tafiya neman ilimi ba baƙuwar aba ba ce a ƙasar nan. Modibbo Adama kansa, wanda ya kafa Yola a 1841, sai da ya je Borno ya yi karatu. Amma a wancan tsari ɗalibi ne ke ɗaukar allonsa da buzunsa ya tafi, gida yana nan inda yake. Da Turawa suka ci Yola a 1901, suka zo da boko, mutane ba su yi marhabin da shi ba. Makarantar lardi da aka buɗe a 1920, wadda a yau ake kira Kwalejin Janar Murtala Muhammed, ta daɗe tana dogara da hakimai da dagatai su tattaro mata yara. Labarin Alhaji Atiku Abubakar sananne ne: an tsare mahaifinsa na 'yan kwanaki saboda ya ƙi sa shi makaranta a Jada, sai da aka biya tara. Yaron nan shi ne ya shigo sakandaren lardi ta Yola a 1960. A zamanin, in ka ji an yi ƙaura saboda makaranta, to, guje mata aka yi. Wanda aka kama kuwa makarantar kwana ce, hukuma ke ci da shi, don haka unguwar da ubansa ke zaune ba ta ƙara masa kome, ba ta rage masa kome.

Shekarar 1976 ce ta juya al'amarin, don abubuwa biyu sun faɗo a lokaci guda. An ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama hedikwata, ma'aikata suka kwararo Jimeta, unguwanni irin su Karewa da Dougirei da Bekaji suka bunƙasa. A shekarar ce kuma gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka zo fiye da yadda aka yi tanadi, aka ɗebo malaman da ba su gama horo ba, aka yi aji a gindin darbejiya. Sannu a hankali makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita, na kwana suka ja baya, musamman bayan tsuke bakin aljihun 1986. Daga nan fa makarantun gwamnati suka daina zama ɗaya. Wadda manyan ma'aikata ke sa 'ya'yansu, ba ta rasa malami ko alli, don sufeto ya san wanda zai tambaye shi. Wadda ke bayan gari kuwa sai ta Allah.

A Amurka doka ce ke ɗaure yaro da makarantar unguwarsu, harajin gidajen unguwar kuma shi ke ɗauke da babban kaso na kuɗin makarantar, saboda haka mai neman makaranta mai kyau gida yake fara nema. Mu a nan ba mu da wannan doka. Kuɗin mota da nisan hanya su ne dokarmu, kuma a ganina sun fi ta Amurka tsanani, tun da ba a kai su ƙara.

A nan ne Vinikilang ta zama abin nazari. Gada ta haɗa ta da Jimeta, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1981, wato Jami'ar Modibbo Adama ta yau, ta zauna a ƙasar Girei, hanyar Mubi ta ratsa ta tsakiyar garin. Fili ya yi tsada a Jimeta, sai ƙaramin ma'aikaci ya haye ya sayi nasa, ya gina ɗaki biyu ya huta da haya. Gidaje suka riga ajujuwa yawa. Sa'an nan a ƙarshen 2014, da Boko Haram ta kama Mubi, dubban 'yan gudun hijira suka sauka a Vinikilang da Damare. Waɗannan ba zaɓen makaranta ya kawo su ba, ransu suka tsere da shi, amma 'ya'yansu sun shiga ajujuwan da tun da ma a cike suke, kuma da yawansu ba su koma ba.

Ni kaina na yi shekara shida a hayin. Ranar da na leƙa ajin 'yata na tarar da ita zaune a ƙasa, malami ɗaya yana kai da komo tsakanin aji biyu, ranar na fara lissafi. Na mayar da ita wata makarantar gwamnati a Jimeta, sai kuɗin Keke na yara uku ya kusa cinye abin da na tsira da shi na haya. A ƙarshe na zuba 'yan haya a gidan da na gina da gumina, na koma cikin gari ina biyan wani. Mahaifiyata, wadda aka ɓoye yayanta a rumbu don kada a kai shi boko, ta kasa gane wannan lissafi har ta rasu.

Maƙwabcina na da, mai sayar da kifi a bakin Binuwai, ba shi da gidan da zai bayar haya. Da muka tashi, mun tafi da bakin da ke magana a taron iyaye da malamai, muka bar shi da makarantar. A 2019 gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta ayyana ilimi kyauta a makarantun jihar, abin da ya sauke wa irinsa nauyin kuɗin makaranta. Kuɗin haye gada dai har yanzu daga aljihunsa yake fita, saboda haka 'ya'yansa suna nan a ajin da na cire tawa.